Likitan da zai bi mara lafiya har wurin aikinsa

A katin da ake buɗe wa mara lafiya a asibitocinmu akwai layin da aka ware domin sana'a. Yawanci ma'aikacin ɗakin kati ne ke cike shi, da kalma ɗaya ko biyu: manomi, direba, ɗan kasuwa. Mai gyaran batir a Panteka ta Kaduna ɗan kasuwa ne a wannan kati, mai sayar da yadi a Kasuwar Barci shi ma ɗan kasuwa ne, alhali ɗaya yana wuni hannunsa cikin ruwan batir da dalma, ɗayan kuwa yana kan benci da almakashi. In su biyun suka zo da murɗar ciki da kasala da ƙarancin jini, da wuya a raba musu magani. Mai yadin zai iya warkewa. Mai batir zai ji sauƙi na 'yan kwanaki, ya koma rumfarsa, ya ci gaba da shaƙar abin da ya kwantar da shi, sannan ya dawo bayan wata uku a sake rubuta masa maganin taifot.

Tun a shekarar 1700 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya yi rubutu kan cututtukan masu sana'a, ya shawarci likitoci su ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda suka saba yi wa mara lafiya: wace sana'a kake yi? Daga wannan tambaya aka gina fanni guda a likitanci, wato kula da lafiyar ma'aikata da muhalli. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a 2023 cewa mutum kusan miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar aikinsu. Abin lura a ƙiyasin shi ne hatsari, wato faɗowa daga gini ko kamun inji, ya ɗauki kusan 330,000 ne kawai. Sauran miliyan 2.6 cuta ce ke kashe su a hankali, a gida ko a gadon asibiti, ba tare da wani ya danganta mutuwar da wurin neman abincinsu ba.

Me ya sa likitan da ya yi shekara 6 a jami'a, ya yi shekarar koyon aiki a asibiti, bai isa ya gano wannan ba sai an ƙara masa karatu? Dalilin yana cikin halin cututtukan kansu. Cutar da aiki ya haifar ba ta zuwa da wata kama ta daban. Tarin mai fasa dutse da tarin mai tarin fuka iri ɗaya ne a kunne, hoton ƙirjinsu ma yakan rikita wanda bai saba ba. Kuma suna jinkirin bayyana: ƙurar dutse kan yi shekara 10 zuwa 20 tana taruwa a huhu kafin numfashi ya fara gaza, kansar da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ake sa wa a kayan gini, ke jawowa kan jira shekara 30 ko fiye. Lokacin da mutum zai zo asibiti ya canza sana'a sau biyu, ya manta da wancan aikin. Likitan asibiti yana ganin mutum ɗaya ne a lokaci ɗaya, kuma a jikin mutum ɗaya ba a iya cewa ga musabbabi. Sai an jera masu fasa dutse 200 a gefe, an jera makwabtansu 200 da ba sa wannan aiki a ɗaya gefen, an auna numfashin kowa, sannan bambancin zai fito. Wannan jerawa da ƙirgawa ita ce ilimin kiwon lafiyar al'umma, kuma ita ce ake nema likitan ya koma aji ya koya.

Karatun ya ƙunshi bin diddigin cututtuka a cikin jama'a, da ƙididdiga, da ilimin guba, wato yadda sinadari ke shiga jiki ta numfashi ko fata ko baki, inda yake taruwa, da adadin da ke fara yin lahani. Akwai kuma awon wurin aiki: na'urar da ake maƙala wa ma'aikaci a kafaɗa ta wuni tana tara ƙurar da yake shaƙa, da na'urar auna ƙara, da ta auna zafi. Sai dokokin ƙwadago da na diyya. Wanda ya yi wannan karatu yana koyon guje wa tarkunan da ido ba ya gani. Ga ɗaya daga cikinsu, wanda ya shafe mu kai tsaye. In ka shiga masana'anta ka auna lafiyar waɗanda ke bakin aiki, za ka same su sun fi sauran jama'ar gari lafiya, ka fito ka ce aikin ba ya cutarwa. Gaskiyar ita ce waɗanda aikin ya illata sun riga sun ajiye shi, ko an sallame su, sun koma ƙauye. Masu ƙarfin ne suka rage ka auna.

Duk wanda ya san unguwar Kakuri ta Kaduna ya san dalilin da na kawo wannan. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles da Nortex da sauransu, har Kaduna ta zama cibiyar masaƙu a ƙasar nan, dubban mutane suna shiga suna fita a kowane canjin aiki. Ƙurar auduga tana da cutarta da aka daɗe da sani a duniya, bisinosis, wadda alamarta ta farko ita ce ƙirji ya ɗaure wa ma'aikaci a ranar da ya dawo aiki bayan hutun ƙarshen mako, ya sassauta a tsakiyar mako, har a kai lokacin da ba ya sassautawa. Ɗakin saƙa kuwa ƙararsa na cinye ji a hankali. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. An yi shekaru ana maganar haƙƙoƙin sallama da ba a biya ba, kuma magana ce da ta cancanci a yi. Amma maganar huhu da kunnuwan waɗannan dattawa da ke zaune a Kakuri da Makera da Nasarawa da Tudun Wada ba ta samu wannan kulawa ba. In ɗayansu ya zo asibiti yau da haki, asma za a ce, ko tsufa.

Babu abin da ya nuna amfanin irin wannan likita a Arewa kamar abin da ya faru a Zamfara a 2010. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sa ido kan sanƙarau suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaran na amai, suna jijjiga, suna suma. Duk likitan da ya ga yaro haka a ƙasar nan zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa zai fara kawowa a ransa, ko sanƙarau, kuma maganin da aka fara ba su ke nan. Bai yi aiki ba. Aka koma ana tambayar abin da ya canza a waɗannan ƙauyuka, aka tarar farashin zinariya ya tashi, maza na haƙo dutse suna kawowa gida, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, mata na dakawa suna shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dutsen kuwa cike yake da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka ɗauki gubar.

Yadda aka yi maganin ya fi komai koyar da darasi. Akwai ƙwayar da ke janyo dalma daga jini ta fitar da ita ta fitsari, ana ba yaron da awon dalmar jininsa ya kai maikirogiram 45 a kowace desilita. Amma likitocin sun tsaya a kan cewa ba amfanin ba yaro wannan magani in zai koma gidan da ƙasarsa ke cike da guba. Dole sai an kankare ƙasar saman tsakar gida da ɗakuna, an kwashe an binne, an zuba sabuwa, an fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Shi ya sa yaran ƙauyen Bagega na Anka suka jira har 2013, lokacin da aka saki kuɗin share garin, kafin a fara yi musu magani sosai. A 2015 abin ya sake aukuwa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Rafi na makwabtaka da Birnin Gwari, inda mu ma ake haƙar zinariya da hannu. Ba na son a ce sai yara sun fara mutuwa a jiharmu sannan za a nemo wanda ya san yadda ake auna dalma a ƙasa da jini.

Ƙasashen da suka daɗe da masana'antu sun tsara wa wannan fanni hanyarsa. A Amurka likita kan yi shekara guda ta aikin asibiti, sannan ya shiga horon shekara 2 na lafiyar ma'aikata da muhalli, wanda digiri na biyu a kiwon lafiyar al'umma ke cikinsa, wato MPH. Yana raba lokacinsa tsakanin aji da asibiti da masana'antu da hukumomi, kuma cibiyar gwamnati ta NIOSH, wadda dokar 1970 ta kafa, tana tallafa wa horon da kuɗi. A Birtaniya an kafa sashe na musamman na wannan fanni a 1978, yana ba da difloma ga likitan da ke yin aikin a gefe, da cikakkiyar shaidar ƙwarewa ga wanda ya mayar da shi sana'arsa. Afirka ta Kudu, saboda ma'adinanta, ta yi nisa fiye da kowa a nahiyar nan. Bayanan da likitocinta suka tara kan huhun mahaƙa na daga cikin abin da ya kai kamfanonin zinariya ga amincewa a 2018 su biya diyyar rand biliyan 5 ga masu silikosis, wato cutar huhu ta ƙurar dutse, da masu tarin fuka.

A Najeriya hanyar ta bi ta cikin fannin lafiyar al'umma. Likitan da ke neman ƙwarewa a ƙarƙashin Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma, yakan yi wani zango na lafiyar ma'aikata cikin shekarun horonsa, wasu kuma su zaɓe shi ya zama abin da za su zurfafa a kai. Masu wannan aiki suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, SOEHPON. A Zariya, sashen lafiyar al'umma na Jami'ar Ahmadu Bello yana ba da MPH, kuma yana cikin jami'o'i biyu, shi da Ibadan, da suka ɗauki shirin horar da masu bin diddigin annoba a fili da aka fara a 2008. Ɗaliban wannan shiri na cikin waɗanda suka shiga ƙauyukan Zamfara gida gida. Tushen ke nan yana nan a jiharmu, ba daga sifili za a fara ba.

Matsalar da nake gani tana cikin tsarin da muka aro. An gina shi ne a kan ma'aikacin da ke da kamfani, da takardar ɗaukar aiki, da albashin wata, da asibitin ma'aikata. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ba sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ikon shiga masana'antu su duba. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, kuma ta jero cututtukan da ake biyan diyya a kansu. A rubuce dokar ta haɗa har da masu aiki a wuraren da ba su da rajista. A aikace, asusun da ake cikawa daga takardar albashi ba ya kaiwa ga wanda ba a taɓa rubuta sunansa a takardar albashi ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya irin waɗannan ne. Saboda haka likitan da ya sha wahalar wannan karatu, in ya duba inda ake neman sa da albashi mai kyau, kamfanonin mai zai gani a Fatakwal da Legas. A Kaduna wuraren da ke da tsarin kula da lafiyar ma'aikatansu, irin matatar mai da aka buɗe a 1980, da kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara a 1975, da masana'antar kayan tsaro ta DICON, ba su da yawa, kuma wasunsu ba sa aiki yadda suke yi a da.

Ma'aikatan Kaduna na yau suna wani wuri. Suna Panteka suna walda da tabarau na kasuwa ko babu komai, da dare idonsu ya riƙa yi kamar an zuba yashi. Suna narka tarkacen ƙarfe suna zuba tukwane, suna fasa tsohon batir, su koma gida da ƙurar dalma a riga, yaro ya ruga ya rungume su. Suna bakin injin niƙa daga safe zuwa magariba. Ƙa'idar da masana suka tsayar ita ce ƙarar desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, wato a 91 awa 2 ne kawai kunne zai jure ba tare da lahani ba. Mai niƙa da yaronsa ba wanda ya taɓa gaya musu wannan lissafi. 'Yan bumburutu na zuƙo fetur da baki ta tiyo, fetur kuwa na ɗauke da benzin, sinadarin da aka tabbatar yana jawo kansar jini. Manoman masara a Saminaka da na citta a Kachia na goya tankin feshi, wani lokaci yana zuba a bayansu, suna dama maganin da hannu, jarkar da ta ƙare a wanke a zuba mata ruwan sha. Akwai rukunin magungunan ƙwari, dangin wanda muke kira fiya-fiya, da ke toshe wani sinadari mai sarrafa jijiyoyi. Mutum zai zo yana gumi, yawu na dalala, ƙwayar idonsa ta tsuke. Wanda ya san abin zai ba shi allurar atrofin ya tashi. Wanda bai sani ba zai nemi wata cuta, dangi kuma su fara zancen sammu.

Irin likitan da nake so a horar a Zariya da Kaduna shi ne wanda zangon karatunsa na fili zai kasance a waɗannan wurare. Kayan aikin ma muna da su fiye da jihohi da yawa. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana Kaduna, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa, ga cibiyar horo kan tarin fuka da kuturta a Saye, ga asibitin koyarwa na Shika da na Barau Dikko. Ƙurar dutse na ƙara haɗarin kamuwa da tarin fuka, don haka duk inda ake gwajin tarin fuka ya kamata a riƙa tambayar mutum ko ya taɓa fasa dutse ko haƙar ma'adinai, a rubuta amsar, a tara. Ɗalibin MPH da zai rubuta kundinsa zai fi amfanar mu in ya ɗauki na'urar awon ji ya bi masu niƙa na kasuwa ɗaya, fiye da ya raba takardar tambayoyi kan ko mutane sun san haɗarin aikinsu. Sun sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ba su da shi shi ne awo, da hanyar gyara da aljihunsu zai ɗauka.

A nan ne horon ke nuna kansa. Wanda bai yi shi ba, da ya ga ƙura sai ya ce a sa takunkumi. Wanda ya yi ya san takunkumi shi ne mataki na ƙarshe kuma mafi rauni, domin ya dogara ga mutum ya sa shi daidai, kullum, cikin zafin watan Afrilu, ya kuma sami kuɗin sauya shi. Kafin a kai gare shi ana fara tambaya ko za a iya kawar da abin gaba ɗaya, ko a musanya shi da mara lahani, ko a tare shi tun daga inda yake fitowa. Zuba ruwa a kan dutse yayin niƙa shi yana rage ƙura sosai, kuma hanyar da aka koya wa mahaƙan Zamfara da Neja ke nan daga baya. Raba wurin cin abinci da wurin narka ƙarfe, ajiye kayan aiki a rumfa a sa wasu kafin a tafi gida, fitar da injin daga lungu zuwa inda iska ke wucewa, duk ba su buƙatar kuɗi mai yawa. Suna buƙatar wanda zai zauna da shugabannin ƙungiyar masu sana'ar, ya nuna musu sakamakon jinin 'ya'yan ƙungiyarsu, su yanke shawara tare. Masu sana'a a Kaduna ba su da kamfani, amma kusan kowace sana'a na da ƙungiya da shugaba da ranar taro, kuma ta nan ne ƙofar shiga.

Akwai wani ɓangare na horon da ba na so a yi wasa da shi, wato amana. Likitan kamfani yana karɓar albashi daga wanda aikinsa ke iya zama sanadin cutar. In gwaji ya nuna jin ma'aikaci ya fara raguwa, hanya mafi sauƙi ga kamfani ita ce a sallame shi a ɗauko wani. Ƙa'idar fannin ta ce abin da likita zai gaya wa mai kamfani shi ne ko mutum zai iya aikin, ko zai iya da sharaɗi. Sirrin cutarsa na tsakaninsa da likita. Ta kuma ce ciwon ma'aikaci ɗaya gargaɗi ne a je a duba ɗakin da yake aiki. A garin da mutum 50 ke jiran gurbin mutum ɗaya, ma'aikaci zai ɓoye ciwonsa in bai yarda da likitan ba, kuma yana da hujja.

Za a ce likitocinmu ba su ishe mu ba ko a ɗakin haihuwa da na yara, kullum wasu na ficewa zuwa Birtaniya da Saudiyya, ina muka ga na turawa Panteka? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai waɗannan marasa lafiya suna cikin layin asibitin tun yanzu, suna cin gado da magani da lokacin likita, sau uku sau huɗu, a kan cutar da ba a gano ba. Kuma ba ɗaruruwan ƙwararru ake buƙata ba. 'Yan kaɗan masu cikakken horo a asibitocin koyarwa biyu za su iya koyar da likitocin manyan asibitocin Kafanchan da Saminaka da Birnin Gwari ta gajeren kwas irin diflomar Birtaniya, su kuma su koya wa ma'aikatan asibitocin matakin farko yadda ake ɗaukar tarihin aikin mutum cikin minti 3: me kake taɓawa, me kake shaƙa, shekara nawa, akwai abokin aikinka mai irin wannan ciwo, kana jin sauƙi ranar da ba ka je ba?

Najeriya ta rattaba hannu kan yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155 kan lafiya da amincin ma'aikata tun 1994, ta ƙara da mai lamba 187 a 2022, shekarar da ƙungiyar ta ayyana wurin aiki mai aminci a matsayin haƙƙi na asali. Abin da ya rage a matakin jiha shi ne gurbin aiki. Likita ba zai ba da shekarunsa ga karatun da babu kujerar da ke jiransa a ƙarshensa ba. Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna na iya buɗe asibitin lafiyar ma'aikata na rana ɗaya a mako a Barau Dikko, da na'urar awon numfashi, da ta awon ji, da ta auna dalma a jini daga ɗigon yatsa irin wadda aka yi aiki da ita a Zamfara, ta kuma haɗa likitan da jami'an hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, domin in jinin masu batir 10 daga layi ɗaya ya nuna dalma, a sami wanda ke da ikon zuwa layin ya ɗebi ƙasarsa a auna.